Wa Ya Turo Maka? Tambayoyin da Ake Yi Mini a Rumfar Caji Kan Waƙa, Rasuwa da Labaran Waya

Rumfata tana bakin titi, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu. Faifan sola biyu a saman kwano, batir a ƙarƙashin tebur, sai wata tsohuwar kwamfuta da nake tura wa mutane karatu da waƙa da fim a memori. Wanda ya kawo caji bai cika tafiya nan take ba. Zama yake a benci ya jira ko layi ɗaya ya hau, kuma a wannan zaman ne tambayoyi ke fitowa. Tun ina amsawa da baki har na ga gara in tara su wuri guda, tunda tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne ke canzawa. Ni ba malami ba ne, ba ɗan jarida ba. Abin da na gani da idona, da wanda na ji a jikina, shi zan faɗa.

Sabis ba ya zama a garinmu. Ta ina kuke samun sabbin waƙoƙi tun da zafinsu?

A aljihun mutum waƙa ke shigowa ƙauye. Yaron motar da ke jigila tsakanin Kano da Haɗeja zai ji ta a tasha, ya karɓa ta Xender, manhajar tura abu daga waya zuwa waya, ya sauke ta a nan sa'ad da direba ke shan shayi. Ranar Lahadi in aka tashi daga kasuwar Gujungu, ko Alhamis 'yan shanu suka dawo daga Maigatari, da daddare sai ka ji sabon kiɗa ɗaya na tashi a wayoyi uku ko huɗu a teburin mai shayi. Farkon damina kuwa, 'yan ci-rani na dawowa daga Legas da Fatakwal da memori cike, har da waƙoƙin da ba mu jin yarensu. Sai mai kiɗan biki, wanda duk waƙar da ya sa sau uku a daren kamu, to ta zauna a garin.

In kana da babbar waya, TikTok zai ɗanɗana maka guntun waƙa, cikakkiyar kuma ka neme ta a Audiomack ko YouTube ko Boomplay. Ni dabarata ita ce in sayi datar dare, wadda ta fi araha, in hau tudun bayan firamare inda sabis ke kamawa, in sauke abin da zan sauke. Washegari kowa ya samu a wurina.

Na ji wata waƙa a mota, ta tsaya mini a rai, amma ban san mai ita ba. Yaya zan yi?

Akwai manhajar Shazam da ke sauraron kiɗa ta faɗi sunansa. Tana ƙoƙari a kan waƙoƙin Kudu da na Turai da na manyan mawaƙanmu na zamani, amma ka sa mata kukuma ko gurmi na tsohon kaset, sau da yawa shiru za ka ji. Hanyar da ta fi aiki a nan ita ce ka naɗi baitin da ka riƙe da muryarka, ko da ba daɗi, ka jefa a zauren WhatsApp na gari. Da wuya a kwana ba a samu wanda ya sani ba.

Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da 'yar ƙaramar wayarsa, irin wadda yara ke kira rakani-kashi. Ya ce, "Yaro, akwai wata waƙa da nake so ka sa mini, amma sunanta ya ɓace mini." Na ce, "Baba, ko baiti ɗaya?" Ya ce baitin ma ya tafi, kiɗan ne kawai ya rage. Sai ya rufe ido ya riƙa kaɗa yatsa a gefen benci yana gunguni ta hanci. Na naɗa na tura. Kafin la'asar wani tela da ke zaune a Kano ya amsa cewa wannan ai gurmi ne, hannun Haruna Uji na Haɗeja. Da na samo na kunna, Baba bai ce komai ba har ta ƙare, sannan ya ce a sake. Rannan bai biya kuɗin caji ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin lura ɗaya: kada ka yarda da sunan da ke jikin waƙar da aka turo. Wadda ta bi ta WhatsApp sau da yawa sunanta na komawa wasu haruffa da lambobi da ke farawa da AUD, sai wani ya ga dama ya laƙa mata sunan mawaƙin da ya fi sani. Haka ake ɗora wa babban mawaƙi waƙar yaron da ke kwaikwayon muryarsa.

Tsofaffin waƙoƙi fa? Har yanzu ana nemansu?

Fiye da yadda kake zato, kuma ba tsofaffi kaɗai ba. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma babu makon da ba a tambaye ni ɗayansu. Yaran da aka haifa bayan rasuwar Shata su ne yanzu ke yanko kalangunsa suna ɗorawa a bidiyonsu. Matan gida kuma in biki ya matso, amada suke aiko yara a sa musu.

Mafi yawan abin da ke yawo daga tsofaffin kaset da faifan gidajen rediyo aka kwaso shi, shi ya sa za ka ji shuuu a ƙarƙashin kiɗan. Kuma kada ka yi mamaki in ka samu waƙa ɗaya kala biyu ko uku. Makaɗan da a gaban jama'a suke yi, yau a fada, gobe a gidan biki, kowane wuri da abin da za a ƙara. In akwai kwalin kaset a ɗakin mahaifinka, kada ka bari gara da zafi su cinye. Kawo a juye. Wataƙila abin da ke ciki babu shi a ko'ina.

Ya halatta in tura waƙa a zauren da akwai liman da iyayenmu?

Hukuncin kiɗa ka tambayi malamai, ba mai caji ba. Amma ta fuskar kunya, abin da ba za ka kunna a ƙofar gidan mai unguwa ba, kada ka tura inda yake. Mu raba zaure muka yi: na gari don sanarwa, na samari don waƙa da ƙwallo da shirme. An samu lafiya.

An turo cewa wani fitaccen jarumi ko mawaƙi ya rasu. Ta yaya zan gane gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta na farawa da wata tambayar: wa ya turo maka, shi kuma wa ya gaya masa? In amsar ita ce "a wani zaure na gani", to ba ka ji komai ba tukuna.

Sanarwar rasuwa ta gaskiya a ƙasar Hausa tana da kama. Mu ba ma ajiye gawa, don haka mai sanarwa na haƙiƙa abin da ke gabansa shi ne mutane su samu jana'iza. Zai faɗi unguwa, ya faɗi masallaci ko ƙofar gida, ya faɗi lokaci. Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014, a ranar aka yi masa sutura. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, da ta rasu a ƙarshen azumin 2024, kafin rana ta yi nisa abokan sana'arta sun sanar, gidajen rediyo sun ɗauka. Ta ƙarya kuwa hoto ne kawai da Innalillahi da alamar kuka jere guda goma, ba wuri, ba lokaci, ba sunan ɗan'uwa ko ɗaya da ya tabbatar.

Sai ka duba saman saƙon. In ka ga kibiya biyu, WhatsApp na gaya maka cewa saƙon ya bi hannaye da yawa kafin ya iso ka. Tun 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da irin wannan mai kibiya biyun zuwa wuri ɗaya tak, duk don rage gudun jita-jita. Bai hana ba, amma alamar na da amfani.

Daga nan ka kunna rediyo. Babban mutum ba zai rasu a Kano Freedom Radio da Rediyon Kano su yi shiru ba, haka BBC Hausa da Aminiya a shafukansu. In awa biyu ta wuce babu ko ɗaya da ya ambata, ka riƙe yatsanka.

Akwai kuma tsohon labari da ake tayarwa. Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, amma har yau lokaci-lokaci sai wani ya ɗauko hoton ya saki kamar yau abin ya faru, ka ga mutane na ta sabuwar ta'aziyya. Addu'a ba ta ɓaci, amma labarin ba sabo ba ne.

Illar wannan wasa ta fito fili a kan Muhammadu Buhari. A 2017, da ya daɗe yana jinya a Landan, an kashe shi a waya ba sau ɗaya ba. Daga baya aka ƙirƙiro cewa wani Jubril ne daga Sudan ke zaune a madadinsa, har sai da ya fito da bakinsa a ƙasar Poland a Disambar 2018 ya ce shi ne dai. To ranar 13 ga Yulin 2025 da Allah ya karɓi ransa da gaske a Landan, a bencin nan nawa akwai waɗanda suka ce ƙarya ce, sun saba ji. Sai da suka ga ana binne shi a Daura.

To me mai ƙirƙirar irin wannan ƙarya ke samu?

Mabiya. Shafin da ya tara jama'a ana sayar da shi, ko a riƙa samun kuɗin talla da shi, kuma babu abin da ke tara Bahaushe da sauri kamar mutuwa. "Duk wanda ya gani ya rubuta amin" ba don mamacin ake faɗa ba, don lissafin shafi ne.

Wasu kuma tarko ne. Za a ce danna nan ka ga bidiyon jana'iza, ka danna, a nemi lambar wayarka, can sai wani ya kira da ladabi ya ce an turo maka lambobi shida bisa kuskure, ka karanto masa. Ka karanta, WhatsApp ɗinka ya tafi, a fara roƙon kuɗi da sunanka wurin surukanka. Lambobin nan shida ko ni da nake gyara maka waya kada ka ba ni sai kana tsaye a kaina.

Kai da kake wannan bayani, ba ka taɓa faɗawa ba?

Na faɗa, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Wani mai waƙar biki ne da ake ji da shi a yankinmu. Da sassafe na ga hotonsa an ce hatsari ya rutsa da shi a hanyar dawowa daga wasa. Wanda ya turo abokina ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba, don haka ban tsaya ba, na watsa a zaure uku, na sa a sitatus. Kuma da yake ni ne mai rumfar caji, mutane suka ɗauka na tabbatar. Kafin hantsi wata gwaggonsa da ke aure a garinmu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, aka yi ta yayyafa mata ruwa. Da azahar sai ga muryar mutumin a waya yana cewa yana nan da ransa, tayar mota ce kawai ta fashe.

Da yamma mijin gwaggon ya zo rumfa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da ka ga abin nan, lambar yaron ba ta wurinka ne?" Tana wurina. Ni na sha tura masa waƙoƙinsa a memori. Kiran minti ɗaya ne ban yi ba. Abokin nawa da na tuhume shi, cewa ya yi shi ma a wani zaure ya gani.

Liman ya karanta mana ayar nan ta cikin Suratul Hujurati a hudubar makon, wadda ke cewa in fasiƙi ya zo da labari a bincika, ya haɗa da hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Bai kira suna ba. Bai ma buƙaci ya kira ba.

In rasuwar gaskiya ce, kuma ɗan garinmu ne, laifi ne in sa a sitatus?

Ba laifi ba ne, amma ba kai ne na farko ba. Mutuwa tana da masu ita. Da, in aka yi rasuwa, dattijo ake tashi ya je ya faɗa wa uwa ko mata ko 'ya, ya zauna tukuna, a gaisa, ya fara da cewa jikin wane ya tsananta, ya bi da ita a hankali har ta gane da kanta. Yanzu yarinya na gidan mijinta a Gumel, tana tsakar tuƙa tuwo, ta buɗe waya ta ci karo da hoton mahaifinta da "Allah ya jiƙan Baba" daga hannun yaron maƙwabta. Na san wadda haka ta faru da ita. Ka jira iyalin su sanar, ko ka tambayi babban gidan ko kowa ya ji. Bayan nan sanarwarka taimako ce, don tana kawo mutane jana'iza.

Hoton gawa kuwa, ko na wanda ke kwance cikin jini, babu lokacin da ya dace. Daren da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka tafi, kuma kusan duk garuruwan nan babu wanda bai san wani a ciki ba. Tun kafin gari ya waye bidiyon ƙonannun mutane ke yawo. Akwai iyayen da a cikin irin wannan bidiyo suka riƙa ƙura ido suna neman rigar ɗansu. Wasu sun kawo mini waya in tura musu, na ce ba na turawa. Shi ne abu ɗaya da na taɓa hana mai kuɗinsa.

Idan ɗan fim ko mawaƙi ya rasu sai ka ga ana jayayya a kan makomarsa. Mene ne abin faɗa?

Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. In ba za ka iya wannan ba, shiru ma ya wadatar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wanda ya fi kowa zafin yanke hukunci, sau da yawa in ka duba memorinsa, ni na cika masa shi da finafinan mamacin. In kuma iyali suka roƙi a daina yaɗa wani hoto ko wata rawa ta mamacinsu, a daina. 'Ya'yansa na da waya su ma.

Labaran yau da kullum fa, irin farashin hatsi da taki da ambaliya? A yarda da na zaure?

A nan ne zaure ya fi rediyo amfani, in an san mai magana. Rediyo ba zai gaya maka nawa aka sayar da tiyar gero a Gujungu yau da azahar ba, amma ɗan garinku da ke tsaye a layin 'yan hatsi zai faɗa maka, har ka ji hayaniyar kasuwa a bayan muryarsa. Sai dai farashi na da rana da wuri. Saƙon da ya ce buhun riɗi ya kai kaza, bai faɗi kasuwa ba, bai faɗi rana ba, wataƙila na bara ne, wataƙila na kasuwar Dawanau ta Kano ne ba na nan ba, wataƙila kuma dillali ne ya sake shi don ya karya ko ya ɗaga kasuwa. Kafin ka ɗaure kaya a kan amalanke, kira mutum biyu.

Batun ruwa kuwa ba a wasa da shi. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Ringim da Auyo da Haɗeja ya san gargaɗin sa'a biyu na iya tsirar da awaki da buhunan gida. In an ce ruwa na tafe daga madatsar Tiga ko ta Challawa, ka kira na gaba da ku a bakin kogi ka ji inda ya kai. Amma bidiyon ruwa na cin manyan gidajen sama da motoci masu baƙuwar lamba, a ce wai Jigawa ce, ka dubi gine-ginen da kyau. Ka san garinku.

Masu shekaru za su tuna Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane cikin dare da kiran waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwa ta kira 'ya, 'ya ta kira kishiya, kowa don ƙauna. Wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rai. Ba maƙiyi ne ya kira su ba.

Sai na tallafi: "Gwamnati na raba kuɗi, cike nan kafin ƙarfe goma sha biyu." Duk wanda ya nemi BVN ɗinka ko lambar katin banki ta saƙon zaure, ɓarawo ne.

Innata ba ta karatu, saƙon murya kawai take saurare. Murya ai ba ta ƙarya ko?

Da can ma tana yi, balle yanzu. Mai saƙon da ya fara da "Jama'a, ni ganau ne ba jiyau ba" amma bai faɗi sunansa da garinsa ba, jiyau ne. Yanzu kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, a sa wa malami ko shugaba maganar da bai taɓa yi ba, har da motsin baki a bidiyo. Ka koya wa Inna tambaya ɗaya: "Wannan ɗin waye, ɗan gidan wa?" Ita ce tambayar da za ta yi wa baƙon da ya yi sallama a zauren gida, ta iya ta tun kafin a haife ka.

Ana iya kama mutum saboda abin da ya tura?

Ana iyawa. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, ga kuma ƙarar ɓata suna a kotu. "Ni ma turo mini aka yi" ba ta cika fitar da mutum ba.

Wayata kullum cewa take ta cika, data kuma ba ta kwana. Mene ne maganin?

Zaurukanka ne ke cinye su. Shiga saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, ka kashe saukar da hoto da bidiyo da kansu, sai wanda ka taɓa da hannunka. Sannan ka buɗe wajen sarrafa ajiya ka ga abin da ke ciki. Jiya na yi wa wata Hajiya wannan aikin: bidiyon wa'azi ɗaya sau shida, gaisuwar Juma'a mai furanni tun ta shekara uku, da hotunan ta'aziyyar mutum biyu da na tabbata suna raye, ɗaya ma ya sayi kati a wurina da safe. Na ce, "Hajiya, in share duka?" Ta ce in share, amma in bar mata amadar Barmani da muryar jikanta da ke karatu a Zariya. Da na gama, wayar ta samu wurin da za ta ɗauki hoton sunan da za a yi gidansu ranar Asabar.